Hauyar da Inna ta ɓoye

Har yau idan aka tambaye ni yadda aka gano ciwon Yaya, sai in rasa ta inda zan fara. Wani lokaci in ce daga ranar da ya zauna a bakin ƙofata yana gumi, wani lokaci in ce daga ranar da hauyarsa ta ɓace. Abin da na tabbata shi ne ni na fi kowa kuskure a cikin lamarin, kuma ni ce wadda aka fi yarda da iliminta a gidan.

Mu 'yan Tamawa ne, a ƙasar Kurfi. Aure da aikin koyarwa suka kawo ni Dutsin-Ma, inda nake koyar da 'yan firamare. Tun da na samu takardar malanta, duk wata takarda da ta shigo gidanmu, ta asibiti ce ko ta rabon taki, ni ake ajiye wa in zo in karanta. Inna, mahaifiyarmu, ba ta yi boko ba. Yaya, wanda nake bi, ya gama firamare ya kama gona bayan rasuwar Baba. Shi ya laƙaba min Malama tun kafin in zama malamar, don ba'a, ni kuwa na karɓi sunan hannu biyu. Ina da saurin baki, kuma ina son a ce na sani. Wannan halin ban gaje shi daga kowa ba, nawa ne.

A shekarar da nake magana Yaya yana da talatin da bakwai. Dogo ne siriri, ba shi da tumbi ko kaɗan. Ba ya shan taba, goro ma sai an miƙa masa a wurin ɗaurin aure. Buhun gero shi kaɗai yake ɗagawa ya ɗora a amalanke, ana ta ce masa ya jira a kama masa. Ban taɓa ganin an kwantar da shi a asibiti ba, zazzaɓi ma a tsaye yake yin sa.

Shi ne ɗan fari, Inna kuma tana cikin matan da suka riƙe kunyar ɗan fari da gaske. Tunda nake ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Kakarmu ce ta yaye shi ta raine shi, bai dawo gida ba sai da wayonsa. Idan Inna za ta yi maganarsa sai ta ce "wancan". Idan ya zo gaishe ta da safe yakan durƙusa daga bakin ƙofa, ta amsa tana kallon murhu. In tana da saƙo gare shi, ta bakina yake bi ko ta bakin matarsa, ko da kuwa yana tsaye a tsakar gida yana ji da kunnensa. Mu da muka tashi a cikin haka ba mu ga abin mamaki ba. Har tsokanarta nake yi, in ce, "Inna, wai wancan ɗin ba shi da suna ne?" Sai ta jefe ni da mafici ta ce ba ni da ta ido.

Farkon damina ne, gero ya fito ana noman farko, na je gida hutun ƙarshen mako. Na iske Yaya zaune a kan turmi da hantsi, lokacin da ya kamata a ce yana gona. Yana ta yarfe hannunsa na hagu kamar mai korar ƙuda. Inna tana can gefe tana tankaɗe, ta ba mu baya.

Ya ce, "Yawwa, ga Malama. Ke da kika san komai, mi ke sa mutum ya ji kamar an ɗaure mashi ƙirji da igiya? In na duƙa noma na ɗan jima sai ya kama ni. In na zauna sai ya sake ni."

Na ce, "Yana ƙuna?"

"Wani lokaci. Har nan yakan hau," ya shafa muƙamuƙinsa. "Hannun ga kuma ya yi mani nauyi."

"Kana karyawa kafin ka fita?"

"Sai an kawo fura gona."

Na ce, "To olsa ce."

Ko daƙiƙa ɗaya ban yi tunani ba. A makarantarmu rabin malamai olsa gare su, kowa da kwalbar farin maganinsa a jaka. Duk wanda ya dafe ƙirji a garin nan, in dai bai tsufa ba, olsa ake cewa. Ciwon zuciya a sanina na manyan alhazai ne masu tumbi da hawan jini, waɗanda suka ba sittin baya, masu cin nama kullum. Me zai kai shi jikin manomin da tuwon dawa da miyar kuka suka gina? Na yi masa dogon bayani a kan yunwa da yaji da barin ciki babu komai, yana gyaɗa kai yana murmushi. Ban lura da cewa ƙarar rariyar Inna ta tsaya ba sai daga baya, da na riƙa tuna ranar.

Da la'asar, ina shirin tafiya, ta kira ni ɗakinta.

Ta ce, "Ki gaya ma wancan ya bar noman nan."

"Inna, a bar noma ana tsakiyar damina? Wa zai yi?"

"A yi gayya. A kira mutane."

Na yi dariya. "Olsa ce kawai, Inna. Zan aiko mashi da magani, sati ɗaya ya warke."

Ta dube ni ta daɗe, kamar akwai magana a bakinta tana neman hanyar fita. Sannan ta sunkuyar da kai ta ce, "To. Ke kika yi boko."

Wallahi a lokacin yabo na ɗauka ta yi min. Saƙon nata ma na isar da shi, amma da ba'a. Na ce, "Yaya, an ce a gaya wa wancan ya yi ritaya." Ya kwashe da dariya har ya sake dafe ƙirjin.

Da na koma Dutsin-Ma na shiga wani kemis na faɗi abin da ke damunsa. Mai kemis ya tambayi shekarunsa, na faɗa, ya ce ai ko olsa ce ko sanyi ne ya shiga ƙirji. Na ji daɗi mun zama mu biyu. Na sayi farin maganin kwalba biyu na ba direban motar Kurfi ya kai.

Bayan kwana huɗu na kira matar Yaya a waya, ta ce magani yana aiki. Da ciwon ya kama shi sai ya je gindin gawo ya zauna, ya kurɓa, kafin a jima ya lafa. Na kashe waya ina jin kaina. Ban taɓa kawo wa raina cewa zaman ne yake sakin sa ba, alhali da bakinsa ya gaya min haka tun ranar farko.

Daga nan kuma labarin da matar take ba ni ya koma kan Inna. Wai Inna ta fara zuwa gona. Ita da ta yi shekaru ba ta taka gonar ba saboda ciwon gwiwa, yanzu kullum da hantsi sai ta ɗauki ƙwarya ta ce za ta tsinko tafasa. Ta je can ƙarshen gona ta zauna ta juya baya, har azahar, ta dawo da ɗan ganyen da bai isa miya ba. Wai in Yaya ya daɗe bai ɗago ba sai ta yi tari da ƙarfi. Matar ta ce, "Malama, anya Inna lafiya? Kar fa rikicin tsufa ne ya fara kama ta."

Sai hankalina ya tashi, amma a kan Inna. Na fara tambayar mutane wane likita ne ya iya duba tsofaffi masu mantuwa. Na tsara a raina cewa da an yi hutu zan ɗauko ta in kawo ta asibiti. Mai ciwon yana can yana duƙe a rana, ni ina nan ina nema wa mai lafiya magani.

Ana cikin haka hauyar Yaya ta ɓace. Wani maƙeri na Barkiya ne ya ƙera masa ita daidai tsayinsa, ya fi shekara goma yana noma da ita, kullum a bayan rumbu yake jingine ta. Aka wayi gari babu ita. Aka duba ko'ina, aka zargi yaran unguwa, aka yi cigiya a masallaci. Ya aro ta maƙwabci ya yi kwana ɗaya da ita, washegari ita ma ta ɓace, aka tsince ta jingine a ƙofar gidan mai ita. Yaya ya ce ko aljanu ne ke yi masa wasa, to sun zaɓi lokacin da bai dace ba. Ya ji nauyin sake aro ana tsakiyar aiki, kowa yana bukatar tasa. Sai ya ce ranar kasuwar Dutsin-Ma zai shigo ya sayi sabuwa, ya haɗa da taki, ya biyo ta wurina ya karɓi wata kwalbar maganin.

Ranar an yi ruwa da safe, gari ya yi sanyi. Dawowata ke nan daga makaranta na gan shi zaune a dakalin ƙofar gidana, ga sabuwar hauya a gefensa, ga rabin buhun taki da ya ɗauko a kafaɗa tun daga kasuwa. Bai shiga ciki ba. Rigarsa ta jiƙe sharkaf da gumi, fuskarsa ta yi toka-toka. Kafin in gama sallama ya juya gefe ya yi amai.

Na ruga na ɗauko farin maganin. Ya kafa kai ya sha kusan rabin kwalba. Muka jira. Yana zaune, bai ɗaga komai ba, bai duƙa ba, amma abin ya ƙi sakin sa. Ya dube ni yana ƙoƙarin murmushi ya ce, "Malama, yau olsar taki ta ƙi jin magani."

A nan tsoro ya kama ni. Na tare mai keke-napep muka sa shi ciki muka nufi asibiti. Duk da haka a hanya abin da nake ta saƙawa shi ne olsar ce ta fashe. Da muka shiga ma haka na faɗa da ƙarfi, tun ba a tambaye ni ba.

Likitar da ta gan mu mace ce, ba ta girme ni ba. Ba ta yi min gardama ba, ba ta ma dube ni ba. Shi ta riƙa tambaya: ina ne ciwon, yaushe yake zuwa, ina yake tafiya, tun yaushe. Da ya ce sati uku ke nan, kuma noma ke tayar da shi, sai na ga ta ajiye biro. Aka kwantar da shi aka manna masa wasu wayoyi a ƙirji da hannu da ƙafa, na'ura ta fito da wata doguwar takarda mai zane-zane. Likitar ta ba shi ƙwaya ta ce ya tauna, kada ya haɗiye ta haka. Aka ɗebi jininsa, aka yi masa allura.

Ta ja ni gefe ta ce zuciyarsa ce. Ta ce akwai jijiyoyin da ke kai wa zuciya jini, ɗaya daga cikinsu ta toshe ko ta kusa, shi ya sa in ya yi aiki take ciwo, yau kuma abin ya wuce na kullum.

Na ce, "Likita, zuciya kuma? Shekararsa talatin da bakwai fa. Dube shi, ko tumbi babu. Ko taba ba ya sha."

Ta ce, "Yana samun masu shekarunsa, har da waɗanda ba su kai shi ba. Akwai kitsen da ke taruwa a cikin jini ko mutum siriri ne, wani gadonsa ake yi. A gidanku akwai wanda ya rasu farat ɗaya da ƙuruciyarsa?"

Sai Baba ya faɗo min a rai. Ina da shekara takwas Baba ya rasu. Abin da na sani kawai shi ne an kawo shi daga gona a kan amalanke, an rufe shi da zane. Bai wuce arba'in da kaɗan ba. Na girma ina jin "kwana ne ya ƙare", kuma hakan ya ishe ni, don a wurinmu ba a cika bin diddigin abin da ya kashe mutum ba, sai a ga kamar kana jayayya da hukuncin Allah. Ni mai son sanin komai, shekara ashirin da biyar ban taɓa tambaya ba. Likita ta koma ta tambayi Yaya, shi ma ya ce kwana ne ya ƙare.

Na riga na kira matarsa tun muna cikin keke. Bayan azahar sai ga ta ta iso, ga Inna a bayanta tana jan ƙafa. Na ce, "Inna, da gwiwar nan kika taho?" Ta ce ita kanwa ta zo saye, ta Dutsin-Ma ta fi kyau. Ba ta shiga ɗakin da aka kwantar da shi ba, ba ta tambayi jikinsa ba. Ta samu gindin dalbejiya ta zauna, ta ba tagar ɗakin baya. Raina ya ɓaci har na ji kamar in yi mata tsawa. Ɗanki yana kwance rai a hannun Allah, ke kina maganar kanwa.

Likita ta tambaye ni ko mahaifiyarmu tana raye. Na ce ga ta can waje, amma ba za ta shigo ba.

Ta ce, "Ɗan fari ne?"

Na ce e.

Sai ta fita, na bi ta. Ta durƙusa gaban Inna ta gaishe ta yadda ake gaida uwa, sannan ta ce, "Inna, ba maganar mara lafiya na zo yi ba. Maigidanki nake tambaya, Allah ya ji ƙansa. Yaya ya yi kafin ya rasu?"

Na zaci za ta ce kwana ne ya ƙare. Sai na ji ta fara magana a hankali, tana kallon ƙasa, ba ta tsaya neman kalma ba.

"Sati uku shina dahe ƙirji. Ya ce kamar an aza mashi turmi. In ya duƙa noma ya kama shi, in ya zauna ya sake shi. Hannun hagu ya dinga yarhewa haka." Ta ɗaga hannunta ta yarfe, daidai yadda na ga Yaya yana yi a kan turmi. "Na dinga jiƙa mashi kanwa shina sha, ya ce ya ji dama. Ran nan da sahe ya hita da gumi, ga gari da sanyi. Na ce Malam ka zauna yau, ya ce ciyawa ta hi ƙarhin gero. Ban ƙara magana ba. Kahin azahar aka kawo mani shi. Ƙanensa ma da ke Kuki haka ya tahi, bai kai arba'in ba."

Likita ta gode mata ta koma ciki da sauri. Ni na tsaya kamar an dasa ni. Ban san ko kuka zan yi ko faɗa ba, sai faɗan ya riga fita.

Na ce, "Inna, kin san duk wannan kika yi shiru? Sati uku?"

Ta ɗago ta dube ni. "Na ce maki ki gaya ma wancan ya bar noma. Kika ce olsa ce. Ni mi na sani? Ni dai na taɓa gani."

Zuwa gonar, tarin, ganyen tafasar da bai isa miya ba, duk suka dawo min a lokaci guda. Matar da nake shirin kai wa likitan masu mantuwa ita kaɗai ce ba ta manta komai ba. Na ji kunya ta rufe ni, kuma duk da haka haushinta bai bar ni ba. Na kasa gane wanne ya fi yawa.

Likita ta ce dole a wuce da shi Katsina a ranar, don can ne akwai masu duba zuciya da kayan aikin. Ta rubuta takarda ta ba ni, ta ce kada a tsaya ko'ina, kada ya ɗaga ko buta. Maigidana ya samo motar wani abokinsa. Inna ta shiga gaba, don ba za ta zauna kusa da shi ba, ta ce a rage mata hanya zuwa Kurfi. Yaya yana baya, ni a tsakiya, matarsa a ɗaya gefen. Sabuwar hauyar da takin suna but ɗin motar.

Matsalar ita ce allurar ta yi aiki. Tun kafin mu bar Dutsin-Ma gumin ya tsaya, fuskarsa ta dawo, ya fara kallon gonakin bakin hanya yana cewa wane ya gama noma, wane ciyawa ta ci shi. Da muka iso Kurfi direba ya rage gudu ya tsaya don Inna ta sauka. Ba ta motsa ba. Yaya ne ya buɗe ƙofa.

Na ce, "Yaya, ina za ka?"

"Gida. Na ji sauƙi, alhamdulillahi. A buɗe mani but in ɗauki kayana."

"Likita ta ce zuciyarka ce!"

Ya ce, "Ke kin ce olsa, na sha kwalba uku. Ita ta ce zuciya. Gobe a Katsina wani ya ce wani abu. Wa zan yarda da shi, Malama? Mutum da ƙahwarsa, da ƙarhinsa, a kai shi a kwantar, gero na can ciyawa na cinye shi? Mi iyalina za su ci?"

Bai faɗa da faɗa ba, kuma abin da ya fi yi min ciwo shi ne ba ni da bakin amsa masa. Ni na ɓata maganar masu ilimi a wurinsa. Na riƙe rigarsa ina roƙo, matarsa tana kuka tana haɗa shi da Allah. Na ce masa Baba ma haka ya yi, ya ce Baba kwanansa ne ya ƙare, in nasa ya ƙare ko a Katsina ne zai tafi. Ya zare hannuna daga rigarsa a hankali, ya sauke ƙafa ɗaya ƙasa.

Sai Inna ta kira sunansa.

Sunan yanka, cikakke, wanda aka raɗa masa ranar suna. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta waiwayo ba, idonta yana kan hanya. Yaya ya ɗaga kai ya duba waje, yana neman wanda ya kira shi a cikin mutanen tasha. Sai da ta sake kira sannan ya gane daga cikin motar ne.

Ta ce, "Maida ƙahwarka. Hauyarka tana ƙarƙashin gadona, ni na ɗauke. An kawo mani guda bisa amalanke, ba ni iya ganin na biyu."

Ya daɗe yana kallon bayan kanta. Sannan ya janyo ƙafarsa ciki ya rufe ƙofa, ya sunkuyar da kai. Direba, wanda ba ɗan gidanmu ba ne, ya duba ta madubi ya ga mu uku muna hawaye, ya tambaya a hankali ko Hajiya za ta sauka. Inna ta ce, "Mu tahi."

A Katsina gwajin jini ya tabbatar da maganar likitar. Sun ce wani ɓangare na zuciyar ya taɓu, kuma da ya koma gona da wannan sabuwar hauyar, Allah kaɗai ya san abin da zai faru. Ya yi kwanaki a kwance. Inna ta yi su duka a barandar asibitin, ba ta shiga ɗakin ko sau ɗaya ba. Mutanen unguwa suka yi masa gayya suka nome geron. Aka ɗora shi a kan magungunan da zai riƙa sha kullum, aka ce ya rage aikin ƙarfi, ya riƙa zuwa ana duba shi. Aka ce mu ma 'yan uwansa a gwada jininmu. Aka gwada nawa aka samu kitsen ya yi yawa, ni da nake ganin lafiyata ƙalau. Yanzu ni ma da ƙwayata, kuma duk malamin da ya dafe ƙirji a makarantarmu ya ce olsa, sai na ishe shi da tambaya har ya gaji da ni.

Akwai abin da har yanzu ban warware ba. Wata rana in ce kunyar nan ce ta kusa kashe shi, don da Inna ta buɗe baki tun ranar turmin da ba a yi sati uku ba. Wata rana kuma in tuna cewa ta buɗe bakin iya yadda ta iya, ni ce na mayar da maganar ba'a. In kuma tuna cewa ba don ta ɓoye hauyar ba, da ranar a gona abin zai same shi, nesa da kowa, ba a ƙofar gidana ba. Na juya maganar ta kowane gefe ban san wa zan ɗora wa laifi ba, sai dai nawa kason ban taɓa musunsa ba.

Ana gobe za a sallame shi, ina zuba masa kunu, ya ce min, "Malama, kin san wani abu? Duk abin da likitar nan ta hwaɗa ban ji tsoro ba. Wayoyin nan da aka manna mani ma dariya suka ba ni. Amma da na ji sunana a bakin Inna, na san mutuwa ta zo kusa."

Na zaci daga ranar komai zai canja tsakaninsu. Bai canja ba. Da muka koma Tamawa ta koma kallon murhu idan ya zo gaisuwa, sunan kuma bai sake fitowa daga bakinta ba. Zuwana na ƙarshe gida, muna zaune a tsakar gida da safe, yana tsaye taku uku daga inda take yana ɗaura wa akuya igiya, ta juyo gare ni ta ce, "Wancan ya sha maganinsa?"

Kafin in yi magana ya amsa, yana kallon bango. "A ce mata na sha."

Tsohuwar hauyar tana nan a ƙarƙashin gadonta. Shi bai tambaya ba, ita ba ta mayar ba.